Yadda sikirif ke yin aikin shugaban kwamfuta ba tare da an ajiye kalmar sirri ba

A kowace kwamfuta akwai ayyukan da ba kowa ke da izinin yin su ba: saka sabuwar manhaja, buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, tsayar da wata hidima ko tada ta, kwafe duk bayanan da ke cikin na'urar. Waɗannan ayyuka na mai gudanar da na'urar ne, wanda masu Faransanci ke kira administrateur. A kwamfutocin Linux da macOS sunan asusunsa root, a Windows kuma Administrator ko SYSTEM. Duk wanda ya riƙe wannan asusu zai iya karanta komai, ya canza komai, ya goge komai.

Sikirif kuwa fayil ne da aka jera umarni a cikinsa, na'ura tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da shi ake sauƙaƙa aikin da ake maimaitawa kullum, kamar kwafe bayanan ciniki na wani famasi, ko sakamakon jarrabawar wata makaranta, ko shirye-shiryen gidan rediyo, zuwa wani wurin ajiya na dabam. Matsalar tana tasowa ne idan aikin yana bukatar ikon shugaba, kuma an so ya gudana da ƙarfe 2 na dare, lokacin da babu mai buga kalmar sirri. Hanyar da ta fi saurin zuwa a rai ita ce a rubuta kalmar sirrin cikin sikirif ɗin. Masu tsaron kwamfuta sun daɗe da hana wannan, kuma kowace babbar manhaja tana da hanyar da ta tanada a madadinsa. Hanyoyin duk sun ginu a kan abu guda: a ba sikirif ɗin izinin yin aiki ɗaya tak, kalmar sirrin shugaba kuma ta zauna a kan mai ita.

## Abin da ya sa rubuta kalmar sirri ke da haɗari

Kalmar sirrin da aka rubuta a fayil tana bin fayil ɗin duk inda ya je. Tana shiga kwafin ajiya, tana shiga kile USB ɗin da aka ɗauki aikin da shi, tana shiga saƙon da aka aika wa aboki don ya taimaka da gyara. Idan ana ajiye sikirif ɗin a Git, manhajar da ke riƙe tarihin kowane gyara, goge kalmar daga fayil ɗin yau ba ya fitar da ita daga tarihin jiya. Idan kuma an buga ta a layin umarni, tana iya zama cikin fayil ɗin tarihi na mai amfani, kuma a Linux umarnin `ps` kan nuna wa sauran masu asusu abin da aka rubuta a layin kowane shiri mai gudana.

Wasu kan yi dabarar sauya kamannin kalmar da base64. Wannan ba ɓoyewa ba ce, domin umarni ɗaya ya isa ya dawo da ita yadda take. Ko an rufe ta da makulli na gaske, sikirif ɗin yana bukatar makullin don ya buɗe ta, sai a ajiye makullin kusa da ita, a koma gidan jiya.

Haɗari na biyu ya fi na farko girma. Sikirif ɗin aiki ɗaya yake bukata, amma kalmar sirrin shugaba tana buɗe na'urar gaba ɗaya. Sau da yawa kuma ita ce dai ake amfani da ita a sauran kwamfutocin ma'aikatar. Na uku, kalmar da ke cikin sikirif ba a cika canza ta ba, don gudun kada aikin ya tsaya, har ma'aikacin da ya bar aiki shekaru biyu da suka wuce ya ci gaba da saninta.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A shekarar 2016 masu kutse sun shiga ma'ajiyar da injiniyoyin kamfanin Uber ke ajiye rubutun manhajarsu a GitHub, suka tarar da makullin shiga sabar kamfanin a rubuce, suka kwashe bayanan fasinjoji da direbobi miliyan 57. A 2018 kamfanin ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 148 a kan wannan lamari da ɓoye shi da ya yi. A watan Satumba na 2022 aka sake kutsawa cikin kamfanin, kuma wanda ya yi kutsen ya faɗa cewa a cikin wani sikirif na PowerShell da ke wani dosiyen haɗaka ya tsinci sunan mai gudanarwa da kalmar sirrinsa.

## Ƙa'idar ƙaramin izini

A shekarar 1975 wasu malaman jami'ar MIT ta Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, sun wallafa wani rubutu a kan kare bayanai a kwamfuta, inda suka jera ƙa'idoji takwas. Ɗaya daga ciki ta ce kowane shiri da kowane mai amfani ya yi aiki da mafi ƙarancin izinin da zai ishe shi. Har yau a kanta ake tafiya.

Misalinta a kasuwa sananne ne. Ɗan kasuwar da ke son a riƙa kunna masa fitilar gaban shago da magariba ba ya ba maigadi makullin shagon da na akwatin kuɗi. Yakan sa a fito da makunnin fitilar waje. Ko maigadin ya yi sakaci, ko wani ya yaudare shi, iyakar ɓarnar ita ce fitila. Haka ake so a yi da sikirif: a yi tanadi tun farko cewa wata rana wani zai karanta shi ko ya ƙwace asusun da ke gudanar da shi, a tabbatar abin da zai samu kaɗan ne.

## Manhajar sudo da asalinta

A Linux da macOS da sauran dangin Unix, kayan aikin da aka fi sani shi ne sudo. Bob Coggeshall da Cliff Spencer ne suka fara rubuta shi wajejen 1980 a jami'ar jihar New York da ke Buffalo. Daga baya aka faɗaɗa shi a jami'ar Colorado, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 Todd Miller ne ke kula da shi.

Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin mai amfani da ikon root. Idan aka rubuta `sudo` gaban wani umarni, yakan duba fayil ɗin `/etc/sudoers` ya ga ko wannan asusu yana da izinin wannan umarni. Idan yana da shi, yakan nemi kalmar sirrin mutumin da kansa, ba ta root ba, sannan ya gudanar da umarnin, ya rubuta a rajista wanda ya yi da lokacin da ya yi. Bayan haka yakan tuna da mutumin na ɗan lokaci, minti 5 a tsarinsa na asali, minti 15 a Ubuntu.

Idan mutum yana zaune gaban na'ura lokacin da sikirif ke gudana, babu wata wahala: sai a bar sudo ya tambaye shi. Sa `sudo -v` a farkon sikirif ɗin yana sa a tambaya sau ɗaya tun daga fari. Abin da ya kamata a guje wa shi ne zaɓin `-S`, wanda ke ba da damar tura wa sudo kalmar sirri daga wani umarni, domin da shi ne ake kai wa ga rubuta ta a fayil.

## Yadda ake rubuta izinin aiki guda

Ga aikin da babu mutum a kusa, sudo yana da alamar `NOPASSWD`, wadda ke cire tambayar kalmar sirri ga umarnin da aka ambata kaɗai. A ɗauka akwai aikin kwafe bayanai kowane dare. Matakan su ne kamar haka.

Na farko, a buɗe asusu na musamman don wannan aiki, misali mai suna `ajiya`, wanda ba shi da kalmar sirrin shiga kuma ba na wani mutum ba ne.

Na biyu, a tattara ɓangaren aikin da ke bukatar ikon root a cikin ƙaramin fayil ɗaya, a ajiye shi inda root kaɗai ke iya rubutu:

```
sudo chown root:root /usr/local/sbin/kwafe-bayanai
sudo chmod 755 /usr/local/sbin/kwafe-bayanai
```

Na uku, a rubuta izinin a fayil ɗinsa na dabam cikin dosiyen `/etc/sudoers.d`, ta hanyar umarnin `visudo`:

```
sudo visudo -f /etc/sudoers.d/ajiya
```

A ciki a sa layi ɗaya:

```
ajiya ALL=(root) NOPASSWD: /usr/local/sbin/kwafe-bayanai ""
```

Ma'anar layin ita ce asusun `ajiya` zai iya gudanar da wannan fayil a matsayin root ba tare da tambaya ba. Alamomin `""` na ƙarshe suna hana a ƙara wa umarnin wata kalma. Idan babu su, sudo zai karɓi duk abin da aka rubuta bayan sunan fayil ɗin.

Na huɗu, a cikin sikirif ɗin a kira shi haka:

```
sudo -n /usr/local/sbin/kwafe-bayanai
```

Zaɓin `-n` yana sa sudo ya tsaya nan take da saƙon kuskure idan izinin bai yi daidai ba, maimakon ya zauna yana jiran kalmar da babu mai bugawa.

Akwai ƴan abubuwan da ke yawan ruɗa masu farawa. Ana amfani da `visudo` ne saboda yana duba rubutun kafin ya ajiye, domin kuskuren harafi ɗaya a sudoers na iya hana kowa amfani da sudo. Fayil ɗin da ke cikin `/etc/sudoers.d` idan sunansa yana da ɗigo a ciki, ko ya ƙare da alamar `~`, sudo ba ya karanta shi. Idan layuka biyu suka dace da umarni ɗaya, na ƙarshe ne ke aiki, don haka wani layi da ke ƙasa zai iya soke `NOPASSWD` ɗin da ke sama. Umarnin `sudo -l -U ajiya` yana nuna duk abin da asusun ke da izinin yi, kuma yana da kyau a duba shi bayan kowane gyara.

## Kura-kuran da ke mai da ƙaramin izini babba

Kuskure mafi yawa shi ne rubuta `NOPASSWD: ALL`. Wannan layi yana mai da asusun root cikakke ba tare da ko tambaya ba. Idan asusun na manhajar shafin intanet ne, duk wanda ya sami ɓaraka a shafin ya sami na'urar gaba ɗaya.

Na biyu shi ne barin fayil ɗin da aka ba izini a hannun mai amfani. Idan asusun `ajiya` zai iya gyara `kwafe-bayanai`, to zai iya rubuta duk abin da ya ga dama a ciki, root ya aiwatar. Haka nan idan zai iya rubutu a dosiyen da fayil ɗin ke ciki, domin zai iya cire shi ya sa wani mai irin sunan. Dole fayil ɗin, da dosiyensa, da duk wani fayil da yake karanta umarni daga ciki, su kasance na root. Tun daga sigar 1.8.7 sudo yana kuma karɓar lambar tantancewa ta sha256 a gaban sunan fayil, ta yadda in an taɓa ko harafi ɗaya zai ƙi gudanar da shi.

Na uku shi ne ba da izini ga manhajar da ke iya buɗe wata manhaja daga cikinta. Masu gyara rubutu irin `vi`, masu nuna rubutu irin `less`, da `find` da `awk` da `tar`, duk suna da hanyar da za a sa su gudanar da wani umarni, kuma umarnin zai gaji ikon root. Haka ma `python` da `perl` da `bash`. Umarnin `cp` da `chmod` da `chown` su ma sun isa a sauya fayilolin tsaro da su. Don gyara fayil ɗin tsari akwai `sudoedit`, wanda ke ba mutum kwafi ya gyara da ikonsa na yau da kullum, sannan a mayar.

Na huɗu shi ne alamar tauraro. Layin da ya ƙare da `/var/log/*` yana kama da ya tsare mutum cikin dosiye ɗaya, amma a wurin kalmomin da ke bin umarni tauraron yana karɓar kowane harafi, har da sarari da alamar komawa dosiyen baya, sai a bi ta nan a kai ga kowane fayil. Ya fi aminci a rubuta umarnin cikakke, kamar `/usr/bin/systemctl restart nginx`, ko a sa binciken abin da aka shigar cikin ƙaramin fayil ɗin na root.

Na biyar shi ne ba da komai sannan a cire kaɗan, kamar `ALL, !/bin/bash`. Littafin jagorar sudo da kansa ya yi gargaɗi cewa wannan ba kariya ba ce, domin mutum zai kwafi manhajar da aka hana ya ba ta wani suna.

A cikin fayil ɗin na root kuma, a rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni, kamar `/usr/bin/rsync`, kada a dogara da na'ura ta nemo shi. A bar tsare-tsaren `env_reset` da `secure_path` na sudoers yadda suke, domin su ne ke hana mai amfani ya saka tasa manhajar ta jabu a gaban ta gaskiya. Wasu kan yi ƙoƙarin sa wa sikirif alamar setuid don ya gudana da ikon mai shi. Linux ba ya kula da wannan alama a kan sikirif, kuma da gangan aka yi haka. Sannan sa asusu cikin rukunin `docker` daidai yake da ba shi root, ko da sudo bai shigo ciki ba.

## Aikin da ke tashi da kansa

Sau da yawa ba a ma bukatar sudo. Idan aikin yana da lokacinsa, babbar manhajar tana iya tada shi da kanta a matsayin root, babu wani asusu a tsakani. Tsohuwar hanyar ita ce cron. Layi ɗaya a cikin fayil ɗin `/etc/cron.d/kwafin-dare` ya wadatar:

```
30 2 * * * root /usr/local/sbin/kwafe-bayanai
```

Wannan zai gudanar da aikin kowace rana da ƙarfe 2 da minti 30 na dare. Sai dai cron ba ya rama aikin da ya wuce lokacin da na'ura ke kashe. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, musamman lokacin zafi, wannan na nufin a yi kwanaki babu kwafin ajiya ba tare da kowa ya lura ba. Agogon systemd, wanda ke cikin Ubuntu da Debian da Fedora na yanzu, yana da tsarin `Persistent=true` da ke sa a yi aikin da zarar na'urar ta sake tashi. Manhajar anacron ma don haka aka yi ta.

Systemd yana kuma ba da damar rage ikon aikin ko da root ne ya tada shi. Da `User=` ana gudanar da shi a ƙaramin asusu, da `ProtectSystem=strict` ana hana shi rubutu ko'ina in ban da inda aka ware masa. Tun daga sigar 2.2 ta shekarar 1999, Linux ya rarraba ikon root gida-gida. Misali, hidimar da ke son sauraro a ƙofar sadarwa da lambarta ba ta kai 1024 ba, kamar ƙofa ta 80 ta shafin intanet, ana iya ba ta `CAP_NET_BIND_SERVICE` kaɗai. A macOS kwatankwacin wannan shi ne launchd, ana ajiye bayanin aikin a `/Library/LaunchDaemons`.

## Idan umarnin zai tafi wata na'ura

Idan sikirif zai yi aiki a wata kwamfuta, misali reshen ma'aikata na Tawa ko Damagaram yana aika kwafinsa zuwa sabar da ke Yamai, ana amfani da makullan SSH. Umarnin `ssh-keygen -t ed25519` yana ƙirƙirar makulli mai gida biyu: na sirri ya zauna a na'urar da ke aikawa, na fili a saka shi a fayil ɗin `authorized_keys` na wadda ke karɓa. Babu kalmar sirrin da ke bi ta layi.

Makullin sirrin da ba a rufe shi da kalma ba shi ma abin sata ne, don haka ake ɗaure shi. A gaban makullin fili ana iya rubuta sharuɗɗa:

```
restrict,from="192.168.1.20",command="/usr/local/sbin/karbi-kwafi" ssh-ed25519 AAAA...
```

Da wannan, makullin ba ya aiki sai daga adireshin da aka ambata, kuma ko wane umarni aka aiko, wanda aka rubuta nan kaɗai za a gudanar. Kalmar `restrict`, wadda ta zo da OpenSSH 7.2 a 2016, tana rufe sauran hanyoyi kamar buɗe allon umarni da karkatar da sadarwa. A yi wa kowane aiki makullinsa, a sa wa fayil ɗin makullin sirri izini 600, ta yadda in ɗaya ya ɓace za a soke shi kaɗai. Tun daga sigar 7.0 ta 2015, OpenSSH a tsarinsa na asali ba ya barin root ya shiga da kalmar sirri, kuma bai kamata a canza wannan ba.

## A ɓangaren Windows

Yawancin kwamfutocin ofis a Nijar Windows ne, kuma matsalar iri ɗaya ce. Tun daga Windows Vista, ko asusun mai gudanarwa yana aiki da ƙaramin izini sai an amince da ɗagawa a akwatin tambayar UAC, abin da sikirif ɗin dare ba zai iya dannawa ba.

Hanyar da ta dace ita ce mai tsara ayyuka na Windows, wanda a na'urori masu Faransanci ake gani da sunan Planificateur de tâches. Mai gudanarwa yakan rubuta aikin sau ɗaya, ya zaɓi ya gudana da asusun SYSTEM, wanda ba shi da kalmar sirrin da za a ajiye. A nan ma dole sikirif ɗin ya zauna a dosiyen da ma'aikata ba sa iya rubutu. A ma'aikatun da ke da Active Directory akwai asusun hidima na gMSA, da suka zo da Windows Server 2012, waɗanda tsarin ke ƙirƙira wa doguwar kalmar sirri ya riƙa canza ta da kansa duk kwana 30, babu ɗan Adam da ya san ta. PowerShell kuma yana da tsarin JEA, mai kama da sudoers, inda ake jera umarnin da kowane rukuni zai iya yi. Manhajar LAPS tana ba kowace kwamfuta kalmar sirrin mai gudanarwa tata dabam.

Abin gudu a Windows shi ne `runas /savecred`. Da zarar an ajiye kalmar mai gudanarwa da shi don shiri ɗaya, mai wannan asusu zai iya amfani da ita ga kowane shiri. Kamfanin Microsoft da kansa ya taɓa samun irin wannan matsala: wani tsarinsa na rarraba kalmomin sirri ga kwamfutocin ma'aikata yana ajiye su a rufe cikin dosiyen da kowane ma'aikaci ke iya karantawa, alhali makullin buɗe su yana cikin takardun bayanin da kamfanin ya wallafa a fili. A watan Mayu na 2014 ya fitar da gyaran da ya cire wannan damar. Umarnin sudo da aka ƙara a Windows 11 a 2024 kuwa yana bi ta akwatin UAC ne, don haka na mutumin da ke zaune gaban na'ura ne.

## Idan sirri ya zama dole

Wani lokaci sikirif yana magana da wata hidima ta waje da ba ta karɓar komai sai kalmar sirri ko lambar shaida, kamar rumbun bayanai ko kamfanin aika saƙonni. A nan abin yi shi ne a raba sirrin da sikirif ɗin. A buɗe asusu na musamman mai ƙaramin izini a can, a ajiye kalmarsa a fayil dabam mai izini 600, kada ya shiga Git. Systemd yana da `systemd-creds`, wanda ke iya rufe sirri da guntun TPM na na'urar, ta yadda ko an kwafi fayil ɗin ba ya buɗuwa a wata kwamfuta. A Windows tsarin DPAPI yana ɗaure sirri ga asusun da ya rufe shi, a macOS akwai Keychain. Manyan ma'aikatu kan yi amfani da ma'ajiyar sirri irin Vault, wadda ke ba da shaidar da ke mutuwa bayan ɗan lokaci. Wasu rumbunan bayanai ma ba sa bukatar kalma idan a na'ura ɗaya ake: PostgreSQL yana da tsarin `peer`, MariaDB yana da `unix_socket`, dukansu suna gane asusun da ya kira su.

## Sabuntawa da rajista

Sudo shi ma manhaja ce, kuma ana samun rauni a cikinsa. A watan Janairu na 2021 kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana wata ɓaraka mai lamba CVE-2021-3156, wadda ta shekara kusan 10 a ɓoye, kuma take ba kowane mai asusu damar zama root ko da sunansa ba ya cikin sudoers. An toshe ta a sigar 1.9.5p2. Bayan shekara guda kamfanin ya sake gano irinta a `pkexec` na manhajar polkit. Irin waɗannan ne suka sa ake neman kayan aiki masu ƙarancin girma: OpenBSD ya koma `doas` a 2015, Ubuntu 25.10 kuma ya ɗauki `sudo-rs`, wanda aka sake rubutawa da harshen Rust. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka na'urar da ba a sabunta ta ba tana nan a buɗe komai kyawun layukan izininta.

Rajista kuma ita ce shaida. A Ubuntu ayyukan sudo suna shiga `/var/log/auth.log`, a dangin Red Hat `/var/log/secure`, ana kuma ganin su da `journalctl`. Idan kowane aiki yana da asusunsa, rajistar tana nuna wanda ya yi abu da sa'ar da ya yi. Idan mutum biyar da sikirif uku suna amfani da kalmar root ɗaya, babu yadda za a bambanta su.

Wannan yana da nauyi a gaban shari'a. A Nijar doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci ga mai shiga na'urar wani ba da izini ba. Tun 2017 kuma ƙasar tana da dokar kare bayanan mutane, wadda hukumar HAPDP ke sa ido a kanta, kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Asibiti mai zaman kansa, ko makaranta, ko asusun ajiya da bashi, duk suna cikin masu wannan nauyi.

Shugaban ma'aikatar da ba masanin kwamfuta ba ne zai iya tambayar mai kula da na'urorinsa abubuwa huɗu: ko akwai sikirif ɗin da ke ɗauke da kalmar sirri a rubuce, waɗanne asusu ne ke da `NOPASSWD` kuma a kan wane umarni, wa ke iya gyara fayilolin da root ko SYSTEM ke gudanarwa, da kuma waɗanne makullai ake sokewa ranar da ma'aikaci ya bar aiki. Idan aka tarar da kalmar sirri a cikin wani tsohon sikirif, goge ta bai isa ba. A ɗauka ta riga ta fita, a canza ta a duk inda ake amfani da ita a ranar.